Jirgin Ah Bok Na Talatin da Takwas

"Kifewa zai yi," in ji Cikgu Oon.

A hankali ya faɗa, irin yadda ake magana a ɗakin mara lafiya, amma dai ya faɗa. Takardar zanen tana shimfiɗe a kan bargon da aka rufa wa Ah Bok, an danne kusurwa ɗaya da kwalbar magani, ɗaya da kwanon kunun shinkafar da ya ƙi sha tun safe. Ah Bok ya zare robar iskar da ke hancinsa don ya ji daɗin musu.

"Ba zai kife ba."

"Mai da robar nan," in ji matarsa Suan Tee daga bakin ƙofa.

"Sai ya janye maganarsa."

"Ai ba magana ba ce, lissafi ne," in ji Cikgu. "Gidan igwa shida ka ɗora wa jirgin nan. Biyar ma da ƙyar zai ɗauka. Na shidan kuma ka kai shi can sama bayan bututun hayaƙi, sai ka ce mai shanya. Igiyar ruwa ɗaya ta buge shi daga gefe, shi ke nan, mutum dubu da ɗari suna cikin teku."

"Kai dai baƙin ciki ke damunka."

"Baƙin cikin me? Ni na ce ka yi shi siriri?"

Suan Tee ta zo ta cusa wa mijinta robar da kanta. Ta juyo ta watsa wa Cikgu harara, ta nuna masa hanyar kicin da haɓa.

Ranar Litinin asibiti suka sallamo Saw Kean Bok, wanda duk layinmu ke kira Ah Bok, kuma ba don ya warke ba. Likita ya ce huhun ya gama nasa, a kai shi gida. Mutumin nan shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu a wani sito na tashar jiragen ruwa a nan George Town. Bai taɓa hawa abin da ya fi jirgin fito ba, shi ɗin ma in ya hau sai ya yi amai kafin a kai tsakiya. Amma a ba shi takarda da rula, sai ya zana maka jirgin ruwan yaƙin da ba a taɓa ƙerawa ba, ba kuma za a ƙera ba. Wasan yana da doka. A ɗauka shekarar 1912 ce, a ɗauka tsibirin Penang yana da rundunar ruwa tasa da abokan gaba, kuma ba a sa wa jirgi komai sai abin da maƙeran wancan zamanin suka iya. Akwai masu wannan lalura a ƙasashe da dama, har wasiƙa suke yi wa juna, amma a layinmu su biyu ne: Ah Bok mai zane, da maƙwabcinsa na bango ɗaya, Oon Chye Hin, tsohon malamin lissafi da ake ce wa Cikgu, wato malam, mai dubawa. In jirgi ya tsallake, Cikgu zai sa masa hannu da jan biro. Cikin shekara arba'in ya duba jirgi talatin da bakwai, biron nan bai taɓa ko ɗaya ba.

A kicin Suan Tee ta rage murya, amma ba ta rage faɗa ba.

"Cikgu, me zai ragu a jikinka in ka ce zai tsaya?"

"Ah So, ba zai tsaya ba," in ji shi. Haka yake kiranta, wato matar yaya.

"Na tambaye ka ko zai tsaya? Takarda ce fa. Ko ruwan wanke kwano ba za ta gani ba. Kwana nawa ya rage wa mutumin nan? Sa masa hannu ya tafi da daɗinsa."

"Zai gane. Ya san ni. Zai ce tausayi ne, shi kuwa gara ka mare shi da ka tausaya masa."

"To ka yi ƙaryar da kyau mana. Kai ba ka taɓa yin ƙarya ba ne?"

Cikgu ya tsaya yana tunani da gaske, yana laluben ko ya taɓa, abin da ya ƙara ƙular da ita ke nan. Ta yi tsaki, ta ce shi da abokin nasa duk kanwar ja ce, ta juya ta ci gaba da yankan albasa da ƙarfin da albasa ba ta bukata.

Ya koma falo, ya zaro jan biron daga aljihun rigarsa, ya ɗaga shi yadda Ah Bok zai gani.

"Cire na shidan. Yanzun nan in sa hannu."

Ah Bok ya daɗe yana kallon biron. Yana so, kowa zai ga yana so. Sannan ya kawar da kai wajen bango.

"Mai biyar ai kowane ɗan makaranta zai zana. Tafi da shi ka sake dubawa. Ka tsufa, Ah Hin, ido ya fara cin amanarka."

Cikgu ya naɗe takardar ya tafi da ita gida. Ya duba sau biyu, ya wanke fuska ya duba na uku. Jirgin ya kife duka sau ukun. Da safe ranar Laraba ya sayo kofi ƙulli biyu a leda, ko da ya san ɗayan ba za a sha ba, ya nufo gidan da amsarsa a hammata. Tun daga nesa ya ga an buɗe ƙofar gaba ɗaya, an rataya farin ƙyalle a samanta.

Suan Tee tana zaune a kan kujerar roba, hannuwanta a cinya.

"Ya tafi kafin gari ya waye," ta ce. "Ya bar maka saƙo."

"Me ya ce?"

"Ya ce in gaya maka kai jaki ne a lissafi."

Cikgu ya gyaɗa kai kamar an ba shi labarin farashin kifi. Ya rasa inda zai ajiye ledojin kofin, sai ya ci gaba da riƙe su.

An kafa rumfa ta toshe rabin titi, aka yi kwana biyar ana zaman makoki. Mutane suna ɓare gyaɗa, suna buga karta, suna tuna yadda Ah Bok ya taɓa manta 'yarsa a kasuwa saboda yana tunanin kaurin sulken jirgi. Cikgu yana can ƙarshen rumfa shi kaɗai, ba ya ci, ba ya karta. Baƙin ciki ya kama shi, kunya kuma ta fi baƙin cikin yawa. Abin da ya fi cinsa shi ne har yanzu bai ga kuskurensa ba. Da ya yi kuskure, da ya san abin da zai yi nadama a kai.

Bayan an binne shi da sati ɗaya Suan Tee ta aika a kira shi. Maganar kwana arba'in da tara ce, ranar da za a ƙona wa mamaci kayan takarda ya samu na amfani a can. 'Ya'yan sun riga sun ba da aikin gida mai hawa uku da mota.

"Mota," ta ce. "Mutumin da ko keke bai iya ba. Shi abin da ya ce a yi masa jirgin nan ne, na talatin da takwas, yadda ya zana shi ba ragi ba ƙari. Ya ce kai za ka tsaya a kan aikin, don kai kaɗai ka iya karanta zanen."

Kowa a layinmu ya san Cikgu da wannan al'ada. Shekara talatin da shida yana gaya wa ɗalibai cewa takarda in ta ƙone toka ce, ba ta da wani adireshi. Ko lokacin da tasa matar ta rasu, dangi ya bari suka yi, shi yana tsaye a gefe hannu a baya.

"Ah So, kin san ni da waɗannan abubuwan."

"Na san ka. Shi ma ya san ka. Ga takardar ai tana wurinka."

Shagon Loke Weng Fatt, mai yin kayan takardar mamata, yana bayan kasuwa, ƙunci gare shi, cike da tsagaggiyar gora da warin gam. Gidaje suna reto daga rufi, ga motoci, ga takalma, ga wayoyi, har haƙoran roba, duka na takarda. Loke tsoho ne mai ƙananan idanu, kullum da sigari a baki, amma bai taɓa kunna ta a shagon ba, don ya san da abin da yake zaune. Ya shimfiɗa zanen a kan kanta ya daɗe yana kallo.

"Kwalekwale na taɓa yi wa wani masunci. Jirgin sama na yi biyu. Wannan kam sabo ne. Mutum nawa ke aiki a cikinsa?"

"Dubu da ɗari."

"Gida ina haɗa shi da masu aiki biyu, mota direba ɗaya. Zan ba ka goma sha biyu. Sauran ya ɗauka a can, ai ba a rasa masu zaman banza."

Cikgu ya ɗora yatsa a kan gidan igwa na shida.

"Wannan na saman, a bar shi. Kar a yi shi."

"Matar ta bugo min waya. Ta ce ba ragi ba ƙari."

"Zai kife."

"A ina?"

Loke ya mai da sigarinsa ɗaya gefen bakin.

"Ni dai abin da na sani, Cikgu, yadda ka ƙona abu haka yake isa. Bara wata ta zo nan ta yi min tas, wai mijinta ya zo mata a mafarki, motar da na yi masa ba ta da ƙofa ta wajen direba, ta taga yake shiga. Tun daga ranar ba na wasa da ƙofa. In ka ce kifewa zai yi, to kifewar zai yi. In kuma ka cire masa ɗaya, zai ƙirga. Mutanen can ba abin da suke da shi kamar lokaci."

"Ni ban yarda da wannan ba."

"Ba sai ka yarda ba. Ai ba kai za ka hau ba."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Nan take ya ga Ah Bok tsaye a saman jirgi cikin singileti da wandon barci, yana ta ba da umarni, mutumin da bai iya iyo ba, ga jirgin yana karkata sannu a hankali. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, kuma ya ji haushin kansa da ya ji shi. In ya cire igwar, ya sake hana abokinsa abin da ya roƙa, wannan karon a bayan idonsa. In ya bar ta, shi da hannunsa ya tura shi teku cikin abin da ya san zai kife. Ya tsaya a tsakanin masu aikin takarda masu jajayen kumatu, su ma suna kallonsa.

Loke bai san ana yi ba, yana ta auna zanen da taƙi.

"Me yake sha? Mota nakan haɗa ta da jarkar mai, kar mutum ya tsaya a hanya."

"Kwal."

"Kamar yaya?"

"Tan dubu uku."

"A ina ake zuba shi? In san inda zan bar fili."

"A nan ƙasa, can cikin cikinsa, ƙarƙashin..."

Cikgu bai ƙarasa ba. Ya fizgi fensirin da ke kunnen Loke, ya jawo wata farar takarda da aka yanka don yin firji, ya kifa ta, ya hau lissafi a tsaye.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙa'idar mai dubawa ita ce ya gwada jirgi a ranar da ya fi rauni, wato ranar da kwal ya ƙare, cikinsa fayau, nauyi duk ya koma sama. Haka ake yi, haka Cikgu ya yi shekara arba'in, kuma daidai ne. Amma bai taɓa tsayawa ya tambayi takarda yaya jirgin yake ranar da ya bar tasha ba. Da cikinsa dam da kwal, nauyin ƙasa yana riƙe na sama. Ya buga, ya sake bugawa. Na talatin da takwas yana tsaye cak da igwoginsa duka, kuma zai ci gaba da tsayuwa har sai kwal ya sauka ƙasa da rabi. In ba a yi gudun hauka ba, kwana goma sha shida ke nan.

Ya ajiye fensirin. Ashe akwai maganar da zai iya faɗa ranar Talata a bakin gadon nan. "Zai tsaya, muddin yana da kwal." Ba ƙarya a ciki ko ta ƙwayar zarra, kuma da Ah Bok ya tafi yana dariya, yana cewa ai ya faɗa. Kalma shida, yana da su, bai neme su ba, don abin da ya je nema shi ne inda jirgin zai kife. Ya zauna a kan wata 'yar kujera, ya rufe fuska da tafin hannu yana hawaye.

Loke ya ba shi lokaci. Can ya matsar da wani gidan bene daga kusa da shi.

"Yi a hankali, Cikgu, kayan ba sa son ruwa."

Cikgu ya share fuska da hannun riga.

"A yi shi da shidan. Amma a cika cikinsa da kwal, kar a bar ko wurin sa yatsa. Kana da baƙar takarda?"

"Ina da ita. Ba wanda ke saye."

"To ka samu mai saye."

Ranar arba'in da tara, da la'asar, babbar mota ta kawo kayan filin da ke gefen haikali. Gidan mai hawa uku ya yi kyau, amma ba wanda ya kalle shi. Jirgin ƙafa goma sha biyu ne, ruwan toka, da bututun hayaƙi uku, da ma'aikata goma sha biyu jere a gefe, kowanne da 'yar hula. Mutum shida suka sauke shi suna nishi, don Cikgu ya yi kwanaki yana dunƙule baƙar takarda yana dannawa a cikinsa da sanda. Kafin masu addu'a su gama, ya matso da zanen, ya ɗora shi a gwiwa, ya zaro jan biro. Ya rubuta, "Ya tsallake, da sharaɗin kwal kar ya sauka ƙasa da rabi. Kar ka yi gudu." Ya sa hannu da kwanan wata, ya ninke, ya tura ta tagar ɗakin kyaftin.

Aka ba iyali sanduna suka kewaye kayan suna bugun ƙasa, don kada baƙin fatalwa su wawure abin da ba nasu ba.

"Wa zai yi gigin satar abu mai bakin igwa goma sha biyu?" in ji Suan Tee, amma ta fi kowa bugu.

Aka sa wuta. Motar takardar ta cinye nan da nan, gidan ya durƙusa ya zube. Cikgu bai kalli ko ɗaya ba. Ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa fensir a tsaye a gabansa yana auna ko jirgin ya karkata. Takardar jikinsa ta cinye, gorar ta fito fili, na shidan yana can sama yana ci da wuta, jirgin bai karkata ba. Dunƙulen cikinsa ne suka fi komai daɗewa, suna ja a hankali har hayaƙi ya tsaya.

Bayan kwana goma sha ɗaya wata ya kai sha biyar, ranar da mutanen layinmu kan fito da 'yan gwangwanayensu na ƙona takarda bakin titi. Da safe ana yayyafi. Suan Tee ta buɗe ƙofa za ta kasuwa, sai ta ga Cikgu a bakin kwata da sabon jan gwangwani, ko takardar shago ba a ɓare daga jikinsa ba, ga buhun shinkafa cike da baƙaƙen dunƙule a gefensa.

"Cikgu, kai ne? Na ɗauka takarda ba ta da adireshi."

"Ba ta da shi."

"To me kake yi?"

"Kwana goma sha shida ne iyakarsa, Ah So. Ɗaya ga wata da sha biyar ga wata, in na kiyaye su, akwai rarar kwana guda. In dai ya ji magana bai yi gudu ba."

"Shi? Ya ji magana?"

"Shi ya sa na ƙara rabin buhu."

Ta gyara kwandonta a hannu.

"Shekararka saba'in da huɗu. Ranar da ka bi shi, wa zai ci gaba da aikawa? Ni dai kar ka dube ni, gwiwata ba ta tsuguno."

"Ai lokacin ina can," in ji Cikgu. "Da hannuna zan cire na shidan."

Ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta ƙare da kyau ba, ta juya da sauri ta kama hanyar kasuwa. Yayyafin ya ɗan ƙaru. Cikgu ya buɗe lema ya riƙe ta a kan gwangwanin, ruwa yana sauka a ƙeyarsa yana bin bayan rigarsa, ya ci gaba da jefa dunƙulen ɗaya bayan ɗaya, yana jiran kowanne ya kama kafin ya sa na gaba.